Hajijiyar Bubayero

Tun kafin Bubayero ya san ba shi da lafiya, Baba Yelwa ya sani. Haka mutanen kwata suke faɗa har yau, kuma da alfahari suke faɗa, wanda shi ne abin da ya fi ba ni haushi a cikin labarin nan.

Bubayero mahauci ne a wata kwata da ke bakin garin Inugu. Dogo ne, marar yawan magana, ɗan wani ƙauye a bayan Kumo, ya zo Kudu tun gemu bai fito masa ba. Yakan saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya ratsa simintin kwata, wanda jini da ruwa suka mayar santsi, ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ya zame ba. Sai ga shi da damina ta kama ya fara karo da ginshiƙin ƙofa. Kuma kullum ginshiƙi ɗaya, na hagu. Zai nufi tsakiyar ƙofa sosai, yana kallonta, amma ƙafarsa ta ja shi gefe har kafaɗarsa ta daki ƙarfen. Abokan aiki suka sami abin yi. Wani ya ce ko ustaz ya fara leƙa rumfar masu bammi ne, wani ya ce a'a, soyayya ce tsakaninsa da ginshiƙin, a bar su su daidaita. Shi ma yakan yi murmushi ya shafa kafaɗa ya wuce.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yin dariya ba, shi ne Baba Yelwa, shugaban mahautan wurin. Shi ya karɓi Bubayero daga hannun mahaifiyarsa ya kawo shi Kudu, shi ya koya masa riƙon wuƙa, shi ya tsaya masa ranar aure. Abin da aka san Baba da shi daga Inugu har Anaca da Fatakwal shi ne ido. In tirela ta iso daga Arewa da shanun da suka sha hanya, yakan hau ya bi tsakaninsu da sandarsa, ya ɗaga fatar idon wannan da babban yatsa, ya duba, ya wuce, ya tsaya kan wata ya ce a sauko da ita a yanka yanzu, ba za ta kai la'asar ba. Mai dabba ya yi gardama in yana so. Waɗanda suka yi gardamar sun ja mushe zuwa bola da hannunsu. Dabbar da ta mutu ba yanka asara ce tsantsa, don haka gwanintar Baba duka ita ce ya riga mutuwa isowa. To, da wannan idon ya fara bin Bubayero duk inda ya gifta.

A gida, a wani ɗaki da falo a Coal Camp, matarsa Suwaiba tana ganin abin da 'yan kwata ba sa gani. Ita a unguwar aka haife ta, tana da keken ɗinki a bakin ƙofa, tana jin Ibo kamar a Nsukka aka binne cibiyarta, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Ita ce take riƙe masa roba da asuba yana amai tun bai sa komai a ciki ba. Ita ta lura in ya yi sujada sai ya daɗe bai ɗago ba, in ya ɗago kuma hannunsa na ƙeya, har ya koma sallah a zaune. An sha maganin maleriya, an sha na taifod, wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a ƙeya, an sha rubutu. Ranar da ya faɗi a kan saniyar da aka kayar masa, da wuƙa a hannu, har ya yanki tafinsa, Suwaiba ta rufe kekenta ta ce ita kam ta gaji da gwaje-gwaje, gobe sai babban asibiti, ko ya tafi da ƙafarsa ko ta kira masu keke napep su ɗauke shi.

An yi ta tura su daga wannan ɗaki zuwa wancan, daga ƙarshe aka zura shi cikin na'ura aka ɗauki hoton kansa. Likitar da ta karɓe su 'yar Ibo ce, gajera, da furfura a goshi. Da ta ji Suwaiba ta gaishe ta da yarenta sai ta gyara zama, ta bar Turanci. Ta manna hoton a jikin fitila ta nuna can ƙasa, wajen ƙeya, ɓangaren hagu. Wani abu ne zagaye kamar ƙwai, cike da ruwa, a jikin bangonsa kuma akwai ɗan ƙwallo mai haske wanda bai fi gyaɗa ba. Ta faɗi sunansa. Suwaiba ta ce a maimaita mata. Ta maimaita, har yanzu bai shiga ba, sai ta jawo ambulan ɗin hoton ta rubuta a bayansa harafi bayan harafi, sai da ya kusa cinye faɗin takardar: hemangioblastoma.

Sannan ta bi sunan tana yanka shi gaɓa-gaɓa yadda ake daddatsa haƙarƙari. Hema, jini ke nan. Anjiyo, jijiyar da jinin yake bi, ta ce kada harafin g ɗin ya ruɗe ta, kamar j ake furta shi. Bilasto, ɗanyen tsiro. Oma kuma ƙari. In an haɗa, ƙari ne da ya tsiro daga jijiyoyin jini. Ta ce ba kasafai ake ganinsa ba, kuma manya ya fi kamawa. Ta ce ba kansa ba ce, ba ya yaɗuwa. Ɗan ƙwallon nan shi ne ciwon, ruwan kuwa tsatsowa yake yi daga jikinsa, in aka yi tiyata aka cire ƙwallon gaba ɗaya galibi shi ke nan. Suwaiba ta ji kamar ta tashi ta rungume matar.

Likita ta ɗaga hannu ta ce ba ta gama ba. Akwai ruwan da Allah ya halitta yana zagaya cikin kan kowa, yana da magudanarsa, jakar nan kuwa ta zauna daidai bakin magudanar tana matse ta, kullum tana ƙara girma. Ranar da ta toshe ta ruf, abin ba ya jiran kowa.

"Ki saurare ni da kyau," in ji likita. "In kika ga barci ya ɗauke shi da rana, irin wanda za ki tashe shi ya buɗe ido ya koma, kada ki ce hutawa yake yi. Ki ɗauko shi a lokacin, ko da me kike yi."

Ta juya wajen Bubayero, wanda idonsa ke kan hoton, ta gargaɗe shi da Turancin buroka kada ya yi doguwar tafiya a mota. "Oga, no travel o. You hear me? No enter motor go far."

Ya gyaɗa kai. Ta so ta ba shi gado a ranar, ya ce a yi masa haƙuri, yana da manya, mutum ba ya miƙa kansa a buɗe bai shawarci wanda ya kawo shi garin ba. Ta yi magiya, Suwaiba ta yi faɗa, bai motsa ba. Daga ƙarshe likita ta rubuta masa ƙwayoyin rage kumburi ta ce Laraba mai zuwa ya dawo da shirin kwanciya, kada ya wuce Larabar.

A keke napep, hanyar gida, Suwaiba ta yi ta bitar sunan a ƙasan numfashinta. Hi-man-ji-yo. Daga nan sai harshenta ya sarƙe. Ta ƙudurta sai ta iya shi, don a ganinta ciwon da yake da suna a littafin likita ciwo ne da aka san yadda ake yi da shi, kuma haka take so ta ajiye shi a gaban Baba.

Bayan la'asar suka sami Baba a rumfarsa ta gefen kwata, da manyan mahauta a zagaye da shi, da Faruk ƙanin Bubayero. Suwaiba ta durƙusa daga bakin rumfa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, an tambayi gida, an tambayi Ummi 'yarsu, an tambayi mai jiki. Sannan aka zaro hoton. Baba ya ɗaga shi saitin rana ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ya zagaya hannu zuwa hannu, yatsu masu maiƙo suna barin shaida a gefensa. Suwaiba ta zo da shirin amsa tambayoyi, amma ba wanda ya tambayi ina ne gaba ina ne baya, ba wanda ya ce mene ne wannan farin. Kowa ya duba sai ya sunkuyar da kai. Nan ta fara jin tsoro, don ta gane mutanen nan ba baƙon abu suke kallo ba.

Baba ya ce wa Faruk ya je ya kawo ragon nan na bayan rumfa.

Ragon ya zo cikin kayan da aka sauke a makon, an ware shi an ɗaure shi shi kaɗai. Daga inda take tana hangensa. Kansa a karkace yake hagu, yana zagaya turkensa ba tsayawa, igiya tana naɗewa tana gajarcewa har goshinsa ya taɓa turken, ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba ta hagun. Ƙasar wurin ta zama zobe saboda sawunsa. Faruk ya kayar da shi ya yi bisimilla ya yanka. Ya feɗe kan, ya sa adda ya tsaga ƙoƙon a hankali yadda Baba ya ce, ya kawo a faranti. Baba ya naɗe hannun riga ya zura yatsu biyu ta baya. Wata 'yar jaka ta sulluɓo tafin hannunsa, cike da ruwa garai-garai, tana rawa, da fararen ɗigo a jikinta. Ya ajiye ta a kan benci kusa da hoton kan Bubayero.

"Tun kafin a haifi mijinki nake fasa kan dabbobi," in ji Baba. "Ban taɓa ganin wanda ya tashi daga wannan ba."

"Baba, shi ba rago ba ne. Likita ta ce nasa daban ne, yana da suna, ana cire shi." Ta ja numfashi. "Himanjiyo... himanji..."

Harshen ya ƙi. Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ta haɗiye kunyar ta zayyana musu ma'anar gaɓa-gaɓa yadda aka koya mata, jini, jijiya, tsiro, ƙari. Baba ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba, shi ba mutum ne mai wulaƙanta mace ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. "Su da nasu sunan, mu da namu. Mu hajijiya muke ce mata, kuma ga ta nan a kan benci."

Bubayero yana zaune a gefe, jingine da ginshiƙin rumfa, idonsa a kan jakar.

Wanda bai zauna cikin mutanenmu na Kudu ba zai ce to, ai ko da haka ne sai a gwada tiyatar. Nan ne maganar take. Gawar Musulmi ba ta tafiya, inda rai ya fita nan ake rufe mutum a ranar. Wanda ya mutu a Inugu, jar ƙasar Inugu ce za ta ci shi, uwarsa ta ji a waya, ba ta ga fuskarsa ba, ba ta san inda kabarinsa yake ba. Saboda haka tun zamanin da ake kawo shanu a jirgin ƙasa, in manya suka duba mutum suka ga ba mai tashi ba ne, sai a nemi motar da ta sauke kaya za ta koma, a shimfiɗa masa a baya tun yana numfashi. A kai shi gida, haka ake cewa. Na ga an kai mutane da dama. Mafi yawansu sun rasu a ɗakin iyayensu, labari ya dawo, a yi ta hamdala ana cewa an kai shi da rai. Ba mugunta ba ce, wallahi, shi ne babban karamcin da suka sani. Kuma kada wani ya ce tsadar tiyata suka gudu. Mahauta in suka tashi yi wa nasu abu, kafin azahar sun gama haɗa kuɗin.

Baba ya ce ranar da ya ɗauko Bubayero, uwarsa ta riƙe masa bakin riga ta ce ya dawo mata da ɗanta, ya amsa. In aka fasa masa kai a nan ya cika a kan tebur, da wane baki zai gaya mata?

Washegari Suwaiba ta samo lambar likita ta kira ta a gaban Baba, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, ita tana tafinta. Likita ta ce ta san ciwon ragon, tsutsa ce da dabba take kwasowa a ciyawar da karnuka suka ɓata, ba abin da ya haɗa shi da na Bubayero sai kamar da suka yi a ido. Ta ce sun yi irin wannan aikin, mutane sun koma sana'arsu. Baba ya ji duka yana gyaɗa kai. Sannan ya ce a tambaye ta abu ɗaya: za ta iya rantsuwa zai tashi daga teburin? Suwaiba ta so ta gyara tambayar a hanya, amma Faruk ma yana jin Ibo. Likita ta ce ba likitan da zai rantse, tiyatar kai tiyatar kai ce, sai dai mafi yawa suna tashi, wanda aka bari kuwa ba ya tashi. Baba ya ɗauki rabin farko ya bar mata sauran. Ya ce a yi mata godiya, mace ce mai gaskiya.

Da yamma Suwaiba ta sami mijinta a bakin ƙofa, Ummi tana wasa da ƙyallayen ɗinki a gabansa. Ta zauna kan kujerar keken ta ce masa ita bai kamata ta tsaya tana roƙon kowa ba, kansa ne, in ya ce Laraba asibiti za shi ba mai ɗaure shi. Ta tuna masa yadda ya gyaɗa wa likita kai. Ta ce ya dubi yarinyar nan. Ta yi kuka, ta share, ta yi masifa, ta dawo lallashi.

"Kan da na fasa da hannun nan ba zai ƙirgu ba," ya ce, yana juya tafinsa mai bandeji. "Na san yadda cikin yake. Ban taɓa ganin wanda aka mayar aka rufe ba."

"Baban Ummi, kai da adda kake fasawa."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta taɓa masa ƙeya, ya runtse ido har ta lafa. Ya ce yana so ya ga Inna, mahaifiyarsa. Ta ce zai gan ta, da ƙafarsa, bayan an yi aikin, ita da kanta za ta raka shi.

"Ba ki ga yadda Baba ya dube ni ba," ya ce. "Ni na san wannan kallon. Shekara da shekaru ina tsaye a bayansa da igiya."

Suwaiba ta ji haushinsa kamar ta shaƙe shi, ta kuma ji tausayinsa ya fi haushin yawa.

Ranar Talata da hantsi, ana gobe Laraba, ta ga gidan ya cika. Ba wanda ya ɓoye mata komai, ba wanda ya ɗaga murya. An sami tirela mai komawa Gombe da jarkokin manja, direban mutumin kirki ne, ya ce ba zai karɓi komai ba. Tabawa maƙwabciyarsu ta kawo dambun nama na hanya. Wata ta kawo bargo, wani ya kawo tamfol sabo. Maza suna shigowa suna riƙe hannun Bubayero suna neman gafara, shi ma yana neman tasu. Suwaiba ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta buɗe hannuwa ta ce ba mai fita da shi. Mahaifiyarta ce ta zo ta sauke mata hannun a hankali, ta ce kada ta zama matar da za a riƙa nunawa ana cewa ita ta hana mutum ganin uwarsa. Bubayero ya fito da kansa, Faruk na riƙe da shi ta hagu.

Suwaiba ta tsaya tana kallon katifarsu ana fita da ita. Sai ta shiga ta ɗauki mayafi, da ambulan ɗin hoton, da ƙwayoyin, ta damƙa Ummi a hannun mahaifiyarta ta bi su. A ranta tana cewa hanya doguwa ce, kafin a kai mahaɗar Ninth Mile za ta shawo kan Faruk, in ta sami Faruk ta sami rabin motar.

An wanke bayan tirelar amma warin kashin shanu yana nan. An jera jarkoki ta gefe da gefe, an shimfiɗa katifar a tsakiya, an ja tamfol a sama. Direba ya ba Baba kujerar gaba, ya ƙi, ya ce a ɗora shi baya. Tsoho da shi ya zauna a kan ƙarfe ya ɗora kan Bubayero a cinyarsa yana tare shi da tafi biyu. Akwai Faruk, da wasu mahauta biyu masu rakiya, sai ita daga wajen ƙafafu.

Hawan da ake fita daga Inugu ya wahalar da shi. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya yi nishi ya cafki ƙeya. Ya yi amai, ya sake yi, har ba abin da yake fitowa. Suwaiba ta matsa kusa da Faruk tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Ibo, ta ce ya dubi yayansa, likita ta hana tafiyar nan da bakinta, ga mahaɗa nan gaba, juyawa kawai za a yi. Faruk ya dubi yayan, ya dubi Baba, ya ce mata shi ƙarami ne. Mahaɗar ta zo, masu tallar ayaba da gyaɗa suka bi motar da gudu, ta wuce su ta ɗauki hanyar Arewa.

Rana ta take. Itatuwan kwakwar manja suka fara sirancewa a gefen hanya. Bayan an wuce Obollo-Afor, nishin ya ragu, ya ƙara raguwa, ya tsaya. Hannunsa ya sauka daga ƙeya ya kwanta a kan bargo. Fuskar da ta daɗe a murtuke ta saki.

Ɗaya daga cikin masu rakiyar ya yi hamdala ya ce ya sami barci. Ɗayan ya ce iskar gida ce ta fara taɓa shi. Faruk ya yi murmushin da bai yi ba tun safe, ya gyara masa bargo, suka rage murya suna hirarsu da raɗa don kada su tashe shi. Ita ma Suwaiba, don gajiya, sai da ta jingina da jarka ta ji sanyi a ranta na ɗan lokaci, ganin ya daina wahala. Sai maganar likita ta faɗo mata, gaba ɗayanta, har da yadda matar ta ɗaga hannu.

Ta rarrafa ta taɓa ƙafarsa. "Baban Ummi, tashi ka sha magani."

Ya buɗe ido rabi, bai dube ta ba, ya mayar.

"Bar shi, 'yata," in ji Baba a hankali. "Rabonsa da barci irin wannan tun yaushe."

Ta matsa gaba ta kama kafaɗarsa ta girgiza. Kansa ya yi lilo a cinyar Baba. Numfashinsa ya koma wani irin minshari mai nauyi, ya ja, ya tsaya, ya daɗe, ya sake ja. Ta mare shi a kumatu. Tun da aka ɗaura musu aure sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko su biyu ne a ɗaki, amma a gaban Baba da ƙaninsa da baƙi ta sa baki a kunnensa.

"Bubayero. Bubayero!"

Mazan suka kawar da kai don kunya. Shi bai motsa ba.

Ta juyo wajen Baba, ta durƙusa sosai a kan ƙarfen da ke tsalle. Ta ce wannan shi ne barcin da likita ta ce, magudanar ce ta toshe. Ta ce ciwon nan hemangioblastoma ne, sunan ya fito mata tsaf daga farko har ƙarshe ba sarƙewa, ba hajijiyar rago ba ce, ana cire shi, kuma har yanzu Inugu ta fi ko'ina kusa, in aka juya yanzu za a same ta a asibiti. Ta ce ta roƙe shi don Allah, don alkawarin da ya yi wa Inna.

Faruk ya ce, "Baba," bai ƙarasa ba.

Baba Yelwa ya sunkuya. Ya sa babban yatsa ya ɗaga fatar idon Bubayero na hagu ya duba, ya saki, ya ɗaga na dama. Ya daɗe a kansa fiye da yadda yake daɗewa a kan kowace dabba. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. Ya zame cinyarsa a hankali ya ɗora kan a hannun Suwaiba, ya kama ƙarfen gefe ya miƙe, ya bi ta kan jarkoki yana tangaɗi har ya isa gaba. Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa rufin kan motar da ƙarfi.

Motar ta fara rage gudu. Suwaiba ta rungume kan mijinta tana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, tana leƙen hanya ta tsakanin ƙarafa ko akwai fili da tirela za ta iya juyawa. Direba ya leƙo da kai ta taga ya tambayi ko lafiya.

"Ƙara wuta," in ji Baba. "Kada ka tsaya ko'ina, sallah ma a mota za mu yi."

Direba ya mayar da kansa ciki ya canja giya. Jarkokin manja suka karkata baya, motar ta miƙi hanyar Makurdi.